Shekarar da Maganin Nazifi Ya Yanke

Jiya na ji ku a baranda, ku sababbin nas-nas da aka turo mana, kuna rabon ɗakuna da baki. Wata a cikinku ta ce ita dai Allah ya sa a kai ta ɗakin Sista Rakiya, can ba jini, ba allura, ba kwanan tsaye, sai zaman tabarma ana wasa da yara. Na ji ki sarai, 'yar nan, kuma ban ji haushi ba, dariya ma kika ba ni. To ku matso. Saura kaɗan in ajiye aikin nan in koma gidana a Sheshe, gara in gaya muku abin da ke cikin zaman tabarmar tun kafin wata ta shiga ta fito tana kuka.

Ni ma a ɗakin haihuwa na fara. Ciwon baya ne ya raba ni da shi, aka mayar da ni ɓangaren ƙwaƙwalwa, ɗakin yara, wajen wani dattijon likita, Dakta Garba, Allah ya ji ƙansa. Ranar da na fara aka shigo da wani yaro. Uban bai gama sallama ba yaron ya hau tebur, ya ɓalle abin awon jini, ya sauko ya buɗe durowa, ya leƙa taga. Ni kuwa na daka masa tsawa irin wadda kowace Bakanuwa za ta daka. Dakta ya ɗago ya ce, "Rakiya, tsawa suna da ita a gida, ba ita suka zo nema ba. Zauna ki kalla." Wata da watanni aikina ke nan, kallo. In an fita ya tambaye ni me na gani. In na ce yaro ne mara ji, ya ce wannan hukunci ne, shi abin da idona ya gani yake tambaya. Sai da na iya cewa yaron ya fara jera gwangwani ya bari da ya ji ƙarar babur, bai kuma koma kansa ba, sannan ya ce na fara zama ma'aikaciya.

Kayan aikinmu kun gan su, ba abin burgewa a ciki. Tabarma, kwando cike da gwangwanayen madara da marafan lemo, fensir da takarda, sikeli, abin awon tsawo, abin awon jini mai ƙaramin hannu na yara. Ba wani gwajin jini ko hoton kai da zai nuna miki wannan larura. Iyaye sukan zo suna cewa a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, sai kin zauna kin fahimtar da su cewa hoton zai fito lafiya lau. A asibiti ADHD muke ce mata. Ni da Hausa nakan ce larurar ƙarancin natsuwa ce. Yaro yana son ya tsaya, kan ne ba ya tsayar da shi. A aike shi gishiri ya dawo da labarin dambe. Ya yar da takalmi yau, ya yar da littafi gobe. Ba ya jiran layi, ba ya bari a gama tambaya, ya faɗa titi kafin ya duba. Akwai kuma masu shiru, yawanci 'yan mata, waɗanda ba sa tsalle ba sa ɓarna, suna zaune a aji amma hankalin yana can wani gari. Su ne suka fi ba ni tausayi, don ana yaba musu da haƙuri har su faɗi jarrabawa, sannan a ce daƙiƙai ne.

Kada ku ɗauka duk yaro mai ƙiriniya namu ne. Wallahi da haka ne da rabin yaran cikin gari suna layi a ƙofarmu. Sai an duba kunne, an duba ido, an duba ko jini ya yi ƙasa, ko barci ba ya isarsa, ko da yunwa yake zuwa makaranta, ko akwai 'yar ƙaramar farfaɗiyar nan da ke ɗauke yaro na ɗan lokaci yana zaune, ko wani tashin hankali ne a gida. Sai abin ya daɗe tare da shi tun yana ƙarami, sai ya bayyana a gida da makaranta duka, kuma yana cutar da karatunsa da zamansa da mutane. Shi ya sa takalmana suka fi na kowace nas saurin cinyewa. Na bi lungunan Shahuci da Sheshe da Ƙofar Mata, daga boko zuwa Islamiyya, ina tambayar malamai. Masu zuwa wajenmu kuma ba sa zuwa sai sun gaji. An yi duka, an yi horon yunwa, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Ban taɓa ce wa kowa ya bar addu'a ba. Nakan ce a ci gaba da addu'a, a ajiye bulala.

Aikin da ba zan manta ba shi ne na Nazifi, yaro ɗan shekara tara daga Shahuci. Kakansa ne ya kawo shi, Alhaji Sabo, mai sayar da huluna, dogon tsoho mai kaifin harshe. Uban yaron yana can kudu yana neman abinci, ya bar iyalinsa a babban gida. Bayan Alhaji wata mata ce ta shigo ta raɓe a bakin ƙofa. Na ce, "Ke ce mahaifiyarsa?" Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Alhaji ya ce, "Saudatu ce, matar ɗana. Yaron ɗan farinta ne, Malama, ni za ki tambaya."

Ku 'yan yanzu wasunku ba ku tashi kun ga wannan ba. A tsofaffin gidajen cikin gari uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta tsaya masa in ana faɗa, balle a gaban suruki. Kunya ce, ba ƙi ba. To amma ni labarin da nake bukata yana bakinta. Alhaji laifuka kawai ya haddace, ya kuwa zayyano su tsaf: an koro shi daga makaranta ɗaya, ya fasa randa, ya hau katangar maƙwabta bin tattabaru. Yadda cikinsa ya kasance, yadda aka haife shi, yaushe ya fara tafiya, yaya yake barci, duk Alhaji bai sani ba. Sai na tura shi da yaron wajen gwajin kunne, na rufe ƙofa, na zauna kusa da ita a tabarma. Ban ce ɗanki ba. Na ce, "Akwai wani yaro a gidanku da nake son jin labarinsa."

Tabɗi! Ashe matar cike take. Ta yi ta magana har na gaji da rubutu, kuma ko sau ɗaya ba ta kama sunan ba, sai "wancan", sai "shi yaron". Ta ce tun yana goye ba ya zama a baya, sai ta ɗaure da zani biyu. Ta ce, "Sista, ba mugu ba ne. In ya yi ɓarna shi yake fara kuka. Ran nan ya ce da ƙanwarsa kansa kamar kasuwa yake ranar jajiberi, kowa yana kiransa." Na je makarantarsa, malamin aji ya ce yakan san amsa tun ba a gama tambaya ba, amma bai taɓa cika shafi ba. Malamin Islamiyya ya ce in yana tsaye yana kai-komo ya fi kowa saurin hadda, in aka ce ya zauna shi ke nan an rasa shi. Muka haɗa duka muka kai wa Dakta, ya duba yaron da kansa har zuwa uku, sannan ya faɗi sunan larurar.

Alhaji ya ce, "Oho! Wato yanzu rashin ji ma ciwo ne?" Dakta ya yi masa bayani a hankali, ya ce ba lalacewar tarbiyya ba ce, ba iska ba ce, kuma sau da yawa a jini take. Ni dai na kalli ƙafar Alhaji da ke ta rawa tun da ya zauna, da carbin da ya canza wa hannu ya fi a ƙirga, na haɗiye maganata. Da ƙyar ya yarda da magani. Ana sha da safe bayan an karya, don yana rage cin abinci. Duk zuwa sai na ɗora yaron a sikeli, na auna tsawo da jini, na tambayi barci. Muka fara da kaɗan, Dakta yana gyara awon. Ba a daɗe ba malamin aji ya aiko cewa Nazifi ya cika shafi har ya juya baya. Na gaya wa Saudatu magani rabin aiki ne, sauran rabin a gida yake: a kira yaro da sunansa, a bari ya kalle ki, a ba shi umarni ɗaya tak, in ya yi a yaba masa nan take. Ta zaro ido ta ce, "Sista, rufa mini asiri. In kama sunansa? A gidan nan?" Muka bar maganar a nan, tunda magani yana riƙe da shi, malamai ma suna nasu ƙoƙarin.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ita ce shekarar da shaye-shayen matasa ya ishi kowa, hukuma ta matsa wa magungunan da ake sa wa ido, namu kuma yana cikinsu. Ɗakin maganinmu ya ƙare, manyan kemis suka ce babu, wanda ya samo daga wani gari kuma bai san ranar da zai sake samu ba. Wasu iyayen ma da kansu suka zubar da na hannunsu, wai kada a mayar musu da yara 'yan ƙwaya. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa maganin da likita ya auna yana bibiya daban yake da abin da ake sha a kango. Yaran da muka sha wahala muka tsayar suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, wannan an kore shi, wancan ya karye a hannu. Ban taɓa ganin Dakta Garba ya dafe kai a gaban mara lafiya ba sai a shekarar nan.

Na Nazifi ya fi muni. Aka aike shi ya ɗauko ƙanwarsa, 'yar shekara huɗu, daga Islamiyya. A hanya suka gamu da masu wasa da biri. Ya ce ta tsaya nan, ya bi su, ya manta da ita ɗungurungum. Yarinyar ta yi ta tafiya ita kaɗai har Ƙofar Mata, marina ne suka tsince ta a bakin titi tana kuka, dab da rijiyoyin rini. Da aka dawo da ita Alhaji Sabo ya tsaya a tsakar gida ya rantse da Allah sai ya kai Nazifi gidan mari. A lokacin ba a kai ga rufe irin gidajen nan ba. Can ake kai kangararru a sa musu ƙarfe a ƙafa. Na ga yaran da suka fito daga can, na san yaro irin Nazifi, wanda zama minti kaɗan yake zame masa azaba, in ya shiga ba shi ne zai fito ba.

Na sami Alhaji a rumfarsa ta kasuwa na durƙusa. Na ce, "Alhaji, ka ba ni zuwa ƙarshen zangon karatun nan." Ya ce, "Malama, maganinku ya ƙare, me ya rage muku?" Na ce akwai saura. Ya ce ya ɗaga mini ƙafa don girman furfurata, amma rantsuwa tana nan.

Daga rumfar na wuce gidan, na ja Saudatu ƙuryar ɗaki na saki labule. Na ce, "Ƙanwata, magani babu. Abin da ya rage wa yaron nan a duniya bakinki ne. Ba na ce ki yi a tsakar gida ba. Nan, ni da ke da bango." Aka kira shi ya shigo yana tsalle da ƙafa ɗaya. Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa, ta yi dariya, ta rufe fuska da mayafi. Na ce ba inda za ni, na zo da gorona. Can dai, da wata 'yar murya kamar mai gaishe da mara lafiya, ta ce, "Nazifi." Yaron ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama. Ya waiwaya ya duba ko wata ce ta shigo. Da ya gane ita ce, ya zo ya tsaya a gabanta yana kallonta, ni kuwa tun da na san shi ban taɓa ganin ya tsaya haka ba. Na yi farin ciki har na kasa ɓoyewa, na ce, "Alhamdu lillahi, to ba shi aiki ɗaya."

Haka muka yi ta yi, nakan biya in na tashi daga aiki. Umarni ɗaya, ya maimaita da bakinsa, ya je ya dawo, ta ce madalla. In aiken abu uku ne, zuwa uku zai yi. Kafin ya zauna aikin gida sai ya cika randa, jikin ya sauke zafinsa. Karatu kaɗan, a tashi, a dawo. Lokacin barci ɗaya kullum. Malamin aji ya dawo da shi gaba, nesa da taga, ya ba shi goge allo da rabon littattafai don ya samu dalilin tashi. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai kai yadda yake da magani ba. Wata rana a ci nasara, wata rana a koma baya. Amma ɓarna ta ragu, kuma ba a kore shi ba. Matsalar ita ce duk wannan a ƙuryar ɗaki ake yinsa, Alhaji yana kasuwa. In ya dawo abin da aka fasa kawai ake gaya masa.

Ranar Asabar ta farko bayan an ba da hutu, da hantsi, Saudatu ta aiko a ce in zo maza. Na tarar da Alhaji a zaure tare da ƙannensa biyu da wani ƙaton mutum daga gidan marin. An ɗaure wa Nazifi kayansa a leda, yana raɓe a kusurwa yana murza bakin rigarsa. Ashe shekaranjiya ya harba ƙwallo ta fasa gilashin wata mota. Na faɗi duk abin da na sani, na kawo sakamakon makaranta, na ce magani zai dawo. Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, kin yi naki, Allah ya saka. Amma wannan maganar gida ce. Na rantse. Ubansa ya bar mini wuƙa da nama, uwarsa kuma ba ta ce komai ba."

Sai muka ji murya daga bayan ƙyaure. "Baba, ku gafarce ni."

Saudatu ta shigo ta durƙusa, kanta a ƙasa. Matar da tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa jimla biyu a gaban surukinta ba. Ta ce, "Baba, Nazifi ɗana ne." Ɗaya daga cikin ƙannen Alhaji ya ce, "A'a, Saudatu, lafiyarki kuwa?" Ba ta ko juya ba. Ta ce, "Nazifi ne yake cika randar gidan nan tun watan jiya. Nazifi ne yake kai ƙanwarsa makaranta ya dawo da ita, hannunta a nasa, bai sake sakinta ba. Ya haddace izu guda a tsaye. Ba wanda ya gaya muku, don ni ce ya kamata in faɗa, ni kuma ina jin kunya. Gilashi ya fasa, gaskiya ne. Amma yaron kirki ne, Baba, yana ƙoƙari, ni na gani. In za a sa masa mari, a haɗa da ƙafata."

Ta ɗago ta dubi yaron a gaban kowa ta ce, "Nazifi, kalle ni. Ajiye ledar nan ka zo ka zauna kusa da ni." Ya ajiye, ya zo, ya zauna. Ƙafarsa tana rawa, amma ya zauna.

Alhaji ya daɗe yana kallonsu, carbin ma ya tsaya a hannunsa. Sannan ya juya wajen baƙon ya ce, "Malam, mun ɓata maka lokaci, ka gaida gida." Ƙanen nasa ya ce, "Yaya, rantsuwar fa?" Ya ce, "Allah ya yi mata mafita. Ciyar da miskinai goma ne, ba zai gagare ni ba." Ya gyara hula ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Saudatu, ke za ki dafa. Shi zai kai."

Ya kuwa kai, gida-gida, kwano ɗaya a kowane zuwa. Bayan wasu watanni magani ya dawo, muka mayar da shi a kai, aiki ya haɗu biyu. Yanzu yana ajin ƙarshe na sakandare, ya fi ni tsawo, har yau sai ya tashi tsaye yake karatu. Saudatu kuwa ta koma kunyarta. Daga ranar nan ban sake jin ta kama sunansa a gaban mutane ba, ko a ɗakin nan "wancan" take cewa. Da na tsokane ta, shi ne ya yi dariya ya ce, "Ƙyale ta, Sista. A ɗaki tana kira."